Lahadi da dare: na sake kallon wasan Mali da Amurka

Yau bayan la'asar na sake kallon wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19, wanda aka buga ranar 7 ga Yulin 2019 a Heraklion ta ƙasar Girka. Amurka ta ci Mali 93 da 79. Wannan azurfa ita ce lambar yabo ta farko da wata tawagar Afirka ta ciyo a gasar, bayan Mali ta fitar da Faransa 76 da 73 a wasan kusa da na ƙarshe. Abin da nake so in rubuta kafin in kwanta shi ne yadda aka kai can, don ba sa'a ba ce.

A duba jerin shekarun. A 2017 Mali ta ɗauki kofin Afirka na 'yan ƙasa da 16 a Mauritius. A 2018 suka je gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Ajantina, a shekarar kuma suka ɗauki kofin Afirka na 'yan ƙasa da 18 a Bamako, inda suka doke Senegal. Wannan nasara ce ta ba su tikitin Girka, domin gurbi biyu kacal Afirka ke samu cikin ƙasashe 16. Kusan yaran nan ne dai ake ta hawa da su mataki-mataki: Siriman Kanouté mai raba ƙwallo, Oumar Ballo a ƙarƙashin kwando, ga tagwaye Hassan da Fousseyni Drame, koci kuma Alhadji Dicko. Ballo bai ma cika shekara 17 ba a lokacin, amma shi da Kanouté suka shiga cikin gwarzaye biyar na gasar.

Amfanin daɗewa tare yana fitowa ne a wajen tsaro. Idan abokin hamayya ya tare wa ɗan wasanku mai tsaro hanya da jikinsa, cikin daƙiƙa ɗaya za a yanke shawara: a yi musayar mutum ne, ko a bi ta baya? Yaran da aka haɗa mako biyu kafin gasa sukan bi mutum ɗaya su biyu, su bar wani shi kaɗai a bayan layin maki uku, mai nisan mita 6.75. Yaran Mali ba su cika yin wannan kuskure ba. Abu na biyu shi ne cafe ƙwallon da ta daki kwando ta dawo. Wanda ya cafe wadda tawagarsa ta jefa, ana mayar masa da agogon jifa daƙiƙa 14, ya sami damar sake jifa. Tawagar da hannunta bai saba da jifa daga nesa ba, da wannan take rayuwa.

To ina aka samu matsala? Har aka tafi hutun rabin lokaci wasa kankankan yake. A zango na uku ne Amurka ta tsere. Dalilin a fili yake idan aka dubi benci. Ana zuwa da 'yan wasa 12, ana buga wasa bakwai cikin kwana tara, kowane wasa zango huɗu na minti goma-goma. Amurka na da Tyrese Haliburton da Cade Cunningham da Jalen Green da Jalen Suggs da Evan Mobley da Scottie Barnes, ga Reggie Perry da aka zaɓa gwarzon gasar. Kowa aka cire, kamarsa ke shigowa. Saboda haka suna iya matsa wa mai ƙwallo tun daga ƙarshen fili, shi kuwa daƙiƙa 8 gare shi ya tsallaka tsakiya, 24 kuma ya jefa. Ƙafa ta gaji, miƙa ƙwallo sai ya yi sanyi, a sace, a zura cikin sauƙi. Ga kuma lissafin laifi: biyar ɗan wasa ya fita ke nan, kuma dogon da ya yi biyu tun da wuri dole ya rage tsalle.

Ɓangaren mata ma ya isa a faɗa. 'Yan matan Mali sun zo na huɗu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 19 ta 2021 a Debrecen ta Hungary, Sika Koné na cikin gwarzaye biyar. A 2024 a Afirka ta Kudu, su suka doke Najeriya a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 'yan ƙasa da 18. Sai dai ba zan ambaci wannan in tsallake rahoton Human Rights Watch na 2021 ba, kan cin zarafin 'yan matan tawagar, wanda ya kai ga kama kocinsu. Raina na ɓaci duk lokacin da na tuna. Sansanin yara mata na bukatar mace babba mai kula da su, da hanyar kai ƙara wadda ba ta bi ta hannun mai zaɓen 'yan wasa ba.

A 2025 manyan Mali, maza da mata, duka sun kai wasan ƙarshe na kofin Afirka. Angola ta doke mazan, Najeriya ta doke matan. Cikin mazan akwai yaran da suka buga a Girka, yanzu sun zama manya.