Disamba ba hunturu

Da suwaita biyu a jikina na bar Jos. Asubar Disamba ce, hazo ya lulluɓe gari, leɓena duk ya tsage. Sai da muka gangara Hawan Kibo na cire ɗaya. Daga Abuja jirgi ya ya da zango a Adis Ababa, washegari na tsinci kaina a Kwala Lamfur, babban birnin Maleshiya, inda ƙanena yake karatu.

Ina fitowa daga filin jirgi iska ta mare ni, mai ɗumi da danshi, kamar an buɗe tukunyar dambu a fuskata. Ƙanena ya dubi suwaitar ya tuntsire da dariya.

"Yaya, wa ya aike ka da wannan? Nan ba hunturu, sai ruwa."

Gaskiyarsa. Kusan kullum bayan Azahar hadari zai haɗo, a tsuge kamar da bakin ƙwarya, a ɗauke, zufa ta dawo. Man shafawar da na yo guzuri ko buɗe shi ban yi ba. Wanki kuwa sai ya kwana biyu a igiya bai bushe ba.

Inda na fi sabawa shi ne mamak, wato shagunan abincin Musulmi 'yan asalin Indiya, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Mai shayinsu yakan ɗaga kofi sama ya tsiyayo cikin wani har ya yi kumfa, sak mai shayin kasuwar Terminus ta Jos, sai dai su teh tarik suke ce masa. Da safe kuma nasi lemak: shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da soyayyiyar gyaɗa, da 'yan mitsi-mitsin kifi, da yaji mai zaƙi-zaƙi. Yaji da sukari! Sai da na kwana uku kafin harshena ya yarda.

Mun je mun ga tagwayen benayen Petronas masu hawa 88, na ɗauki hoto kamar kowa. Manyan kantunan Bukit Bintang kuwa sun sha ado, bishiyar Kirsimeti har rufi, an barbaɗa mata ƙanƙarar roba, mata masu ɗankwali suna ta hoto a gindinta. Lokacin salla na yi, sai ka hau bene ka tarar da masallaci a cikin kantin, surau suke kiransa.

Ranar 25 ga wata hutu ne a can ma. Na wuni a ɗaki, hawa na ashirin, kunnena na kan ƙofa ban ma sani ba. A unguwarmu war haka yaran maƙwabciyarmu sun shigo da kular shinkafa da kaza da cincin, kamar yadda muke aika musu nama da Babbar Salla. Nan ko ƙwanƙwasawa babu. Sun riga mu da awa 7, don haka sai da na yi Magariba na kira Hajiya.

"An kawo?" na tambaye ta.

"Tun ɗazu. Har da rabonka, ƙannenka sun cinye."

Suwaitar dai ta yi rana. A jirgin ƙasan cikin gari na riƙa saka ta, don na'urar sanyaya ɗakinsu ta fi asubar Jos mugunta.