Alhamis a Damagaram: ni da wuƙar da ta ƙi buɗuwa

An kwana ana yayyafi, da asuba kuma aka sako wani mai ƙarfi, dole a gida muka yi sallah. Ruwan da muke samu a shekara bai taka kara ya karya ba, wajen milimita 400 ne, amma mafi yawansa tsakanin Yuli da Agusta yake zuba, shi ya sa yanzu komai na ɗaki ya yi danshi. Ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya jiƙe a gwangwani. Lekol na hutu, babu inda zan je da sassafe, sai na ce yau sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi game da wuƙar nan.

Wuƙar aljihu ce mai naɗewa, ƙanena da ke jan babbar mota a hanyar Agadas ya kawo mini tsaraba. Ƙotarta itace, bakinta baƙin ƙarfe, ga zobe a wuya wanda ake murzawa ya kulle ta. Duk wanda ya san Opinel, wuƙar aljihu ta Faransa, zai gane ƙirar da aka kwaikwaya, sai dai wannan ba suna a jikinta, ba kuma tambarin nan na hannu da kambi a kansa. Shi dai ya rantse mini cewa a can arewa da yatsu biyu yake buɗe ta. Ni kuwa tun da ta shigo hannuna farcen babban yatsana yake shan wahala. Sai na cusa shi a ƴar tsagar da ke jikin ƙarfen, na ja, na ja, farce ya lanƙwashe, ita ko gezau.

Akwai wata dabara da na taɓa karantawa ta mutanen Savoie, yankin duwatsu na Faransa inda Joseph Opinel ya fara ƙera irin wannan wuƙa a 1890. Za ka riƙe ta ta wajen zoben, ka buga gindin ƙotar a kan tebur ko wani abu mai tauri, sai tsinin ya ɗan leƙo, ka kama ka ja. Na gwada a dokin ƙofa. Ta leƙo kuwa, amma da na zo buɗewa sai da na sa tsumma na riƙe, tana wani ƙara ƙiii. Rufewa ma haka, kuma nan ne haɗarin yake, domin wuƙar da sai an danne ta da ƙarfi, ranar da ta saki a kan yatsa za ta sauka.

Uwargida tana kallona daga bakin murhu. Ta ce, "Malam, ka ɗiga mata man gyaɗa mana, ka huta." Na ce a'a. Man gyaɗa yau zai yi santsi, bayan ƴan makonni ya yi danƙo, ya kama ƙura ya riƙe, ga wari. Maƙwabcina mai shayi da ya leƙo neman garwashi shi kuma ya ce in tsoma ta cikin kalanzir ta kwana. Wuƙar da zan fere mangwaro da ita? Na yi masa godiya kawai.

Wajen ƙarfe goma gari ya ɗan washe, na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole. Yau Alhamis, ranar babbar kasuwa, ko ruwan bai hana mutanen Mirya da na sauran ƙauyuka shigowa ba. Amalanke, taɓo, masu gasa masara, kowa ya naɗe ƙafar wando. Ban tsaya ko'ina ba sai rumfar wani tsohon maƙeri da mahaifinmu yake kai wa fartanya da lauje tun muna yara. Na same shi ya tara hauya a gabansa, wani jikansa yana jan zugazugi.

Muka gaisa, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa masa wuƙar na ce, "Baba, so nake ka ɗan sassauta mini ƙusar nan da bakin ke juyawa a kanta, ta yi tsauri da yawa."

Bai ce komai ba. Ya buga gindinta a uwar maƙera, daidai yadda na karanta, shi da bai taɓa jin sunan Savoie ba. Ya buɗe ta, ya ɗaga sama yana leƙen tsagar ƙotar ta wajen haske. Ya nuna mini wani wuri a gindin ƙarfen, kusa da ƙusa, inda ya yi sheƙi a gefe biyu, alamar itace yana gugarsa. Sannan ya sa tsinke ya kwarzo wani baƙin maiko mai haɗe da yashi, ya shafa a tafin hannunsa ya nuna mini.

"Malam, ƙusar nan ba ta yi maka laifin komai ba. Itacen ne ya sha damina. Ba ka ga ƙofar ɗaki a wannan watan ba? Sai an sa kafaɗa. To wa ka taɓa gani ya sassaƙe ƙofarsa a Agusta bai yi kuka da hunturu ba?"

Na ce to ko kaɗan ne a taɓa ta.

"Ko kaɗan ba zan taɓa ba. In na sassauta yau, watan sanyi za ka dawo mini da ita tana lilo, tana buɗe kanta a aljihu. A lokacin kuma sai na dake ƙusar, in dake in sassauta, ramin ya faɗaɗa, shi ke nan wuƙa ta mutu."

Na yi ta juya maganar a raina, gaskiyarsa ce. Itace yana shan danshin iska yana kumbura, kuma ta faɗi yake kumbura, ta tsawo kusan ba ya motsi. Tsagar da bakin wuƙar ke kwanciya a ciki ita ce ke matsewa. A Agadas iska a bushe take, shi ya sa ƙanena bai yi ƙarya ba. Mu ma nan da Disamba, in iskar hunturu ta taso leɓe ya fara tsagewa, itacen zai koma ya tsuke da kansa. Ni dai a ganina yawancin wuƙaƙen da ake cewa sun lalace, masu su ne suka yi musu gyaran da ba su nema ba.

Daga nan hira ta ɓarke. Ya ce taurin wuƙa iri-iri ne. Ya tuno Douk-Douk, wadda ya ce a zamaninsu matafiya ke shigowa da ita daga Aljeriya. Ita ma ƴar Faransa ce, a garin Thiers ake yin ta tun 1929, ƙotarta falan ƙarfe ne da aka ninke, ba ruwanta da damina. Taurinta daga wani ƙarfe mai tsalle yake da ke bayanta, kuma shi kaɗai ke riƙe bakin kada ya rufe, tunda ba ta da makulli. Irin wannan in ka raunana ƙarfen don ka ji daɗin buɗewa, ka cire mata abin da ke tsare yatsunka. Tawa kuwa babu wannan ƙarfen sam, matsin itace ne da zobe. Ita Opinel ta asali ma shekaru da yawa matsin itacen kaɗai take dogara da shi, sai a 1955 Marcel Opinel, ɗan Joseph, ya ƙara mata zoben. Wato ɗan tauri a irin wannan wuƙa ba aibi ba ne, wanda ya wuce kima ne abin gyara.

Ina son zama da tsofaffin maƙeran garin nan. Mutum ya tuna cewa kakanninsu ne suka zuba wa Sarkin Damagaram Tanimu igwa a ƙarni na 19, sai ya rage yi musu gardama a kan ƙusa.

Kaifin ma bai gamsar da shi ba. Ya gwada a farcensa, ya girgiza kai. Can gefe akwai wani saurayi mai injin wasa wuƙa, tartsatsi na tashi, mahauta sun yi layi. Na kalli wajen, Baba ya ce kul. Bakin wuƙar nan siriri ne, in ya hau injin zai yi zafi nan take, da ka ga gefen ya koma shuɗi-shuɗi to taurin ƙarfen ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Ya jawo wani dutse da tsakiyarsa ta lotsa don tsufa, ya yayyafa ruwa. Ya kwantar da bakin, ya ɗaga bayansa kaɗan, abin da mu ƴan lekol za mu ce wajen digiri 20, ya riƙa turawa a hankali daga gindi zuwa tsini, hannunsa bai sauya ba ko sau ɗaya. Can ya ce in shafa ɗaya gefen da yatsa, daga baya zuwa baki. Na ji wani ɗan kaushi siriri ya tashi tun daga gindi har tsini. Ya ce sai an ji wannan ake juyawa, wanda ya juya kafin nan wasa yake da dutse. Ya yi ɗaya gefen, ya rage nauyin hannu, sannan ya ɗauko guntun fata da ya samo wajen dukawa, ya riƙa jan wuƙar baya-baya yadda wanzami ke yi wa aska. Ya aske gashin hannunsa ya nuna mini. Na ba shi dala ɗari, ya ce ta yi yawa, na ce ta goro ce.

Na biya na sayi albasa da lemun tsami da takardar guga mai laushi, na dawo gida kafin azahar.

Bayan sallah rana ta fito sosai. Na goge tsagar da tsohon burushin haƙori, a bushe, ban bari ruwa ya kusance ta ba. Na buɗe ta rabi na ɗora a kan kwanon rufin ɗakin kaji, inda yara ba sa kaiwa. Baba ya gargaɗe ni kada in sa ta kusa da wuta, wai itacen zai tsage ta wajen ƙusa. Kafin la'asar na sauko da ita da zafinta, na gwada, an sami sauƙi ƙwarai, duk da ba a gama ba. Na ninke takardar guga na zura cikin tsagar, na ja kaɗan kawai a daidai inda ya nuna mini. Hannuna yana ta son ƙarawa, na hana shi, don abin da aka goge ba ya dawowa.

Sai mai. Na roƙi uwargida na keken ɗinkinta, ta miƙo tana cewa, "Ashe dai sai an dawo wajena." Ɗigo ɗaya a kowane gefen ƙusa, ba ƙari. Shi wannan man ba ya danƙo. Na kankare bakin fensir na busa garin cikin mahaɗar, shi ma yana sa santsi kuma ba ya tara ƙura. Kan itacen da ke leƙowa ta saman zobe, inda ya fi saurin shan ruwa, na shafe shi da ɗan basilin.

Sauran aikin na haƙuri ne. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na kunna rediyo, ina buɗewa ina rufewa. Bayan ɗan lokaci baƙin ruwa ya fara fitowa daga mahaɗar, wato dattin da garin ƙarfen da ke gogewa, in share da tsumma in ci gaba. Zoben ma da farko sai da tsumma yake murzuwa, shi ma na yi ta kai shi ina dawo da shi. Kafin a kira magariba farce kaɗai yana ɗaga ta, ƙarar ta ɓace, amma in na buɗe rabi na saki tana tsayawa inda na bar ta, ba ta faɗuwa. Nan na tsaya. Abin da ya rage na bar wa hunturu.

Da dare na yanka albasa da lemun tsami da ita don a sa a dambu. Autana yana tsaye a kaina, sai ya ce, "Baba, ta lalace, ta yi baƙi!" Bakin ya yi dabbare-dabbare, toka-toka da shuɗi. Na ce masa haka baƙin ƙarfe yake in ya haɗu da tsami, kuma wannan launin yana ɗan kare shi ma. Abin tsoro shi ne jar tsatsa, ita ce ke cin ƙarfe ta bar ramuka, kuma a wannan watan kwana ɗaya a jiƙe ya ishe ta fitowa. Na nuna masa yadda ake goge bakin da ɗanyen tsumma, a bi da busasshe, a shafa mai kaɗan kafin a rufe. Na kuma kafa doka a gaban kowa: ba a jefa ta cikin bahon wanke-wanke, ba a buɗe gwangwanin tumatir da ita, ba a murza sukuru da tsininta, kuma wanda bai kai shekarun aski da kansa ba kallo ne nasa. Ya tura baki.

Bayan isha'i mai shayi ya sake leƙowa, ya karɓa ya buɗe ya rufe, ya ce lalle aiki ya yi kyau. Sai ya ce ko zan ara masa zuwa gobe, yana da wata waya da zai datse a rumfarsa. Na shiga ciki na ɗauko masa filaya.