Mil 1,000 Cikin Awa 24: Aikin Mai Shirya Tafiya

Duk wanda na gaya wa cewa mun yi tafiyar mil 1,000 a kan babur cikin kwana ɗaya, tambayarsa ta farko ita ce wane irin gudu muka yi. Alhali lissafin bai buƙatar gudu. In ka raba 1,000 gida 24 za ka samu kusan mil 42 a awa, wato kilomita 67 ke nan. Abin da ke kayar da mutane a wannan tafiya shi ne yawan tsayawa, da barci, da kuma takarda. Ni da aka ɗora wa shirya tafiyar mu shida daga Houston, takardar ce ta fi cin raina, kuma a kanta nake son in yi magana.

Akwai wata ƙungiya a nan Amurka mai suna Iron Butt Association, ita ke tantance irin waɗannan tafiye-tafiye ta ba da takardar shaida. Matakin farko a wurinsu shi ne SaddleSore 1000, mil 1,000 cikin awa 24. Sama da shi akwai Bun Burner, mil 1,500 cikin awa 36, sai kuma babban gangaminsu na Iron Butt Rally da aka fara a 1984, inda mahaya ke shafe kwana 11 suna cin abin da ya kai mil 11,000. Ba sa turo wakili ya bi ka a baya. Abin da za su duba shi ne rasit ɗin gidan mai da na'ura ta buga, mai ɗauke da kwanan wata da lokaci da adireshi, sai jadawalin da ka rubuta na kowace tsayawa, sai kuma, a lokacin da muka yi tafiyar, sa hannun shaidu a farko da ƙarshe. Lokacin da ke kan rasit ɗinka na farko shi ne fara ƙirga, na rasit ɗin ƙarshe shi ne rufewa. Ko da ka isa gida da sauran awa uku, in ba ka da wannan 'yar takarda, a wurinsu ba ka iso ba.

Hanyar da na zaɓa ita ce babban titin I-10, daga Houston zuwa Fort Stockton a yammacin Texas, a juyo. Na so ta ne don allunan da ke ƙirga mil a gefen titin suna yi wa mutum rabin lissafin. Suna farawa daga sifili a iyakar New Mexico, su ƙare a 880 a iyakar Louisiana. Tsakiyar Houston tana wajen 768, Fort Stockton kuma wajen 259. Zuwa kawai mil 509, zuwa da dawowa 1,018. Wani abin kuma, duk hanyar agogo ɗaya ce; sai ka wuce Van Horn lokaci ke canjawa, mu kuwa ba za mu kai can ba.

A nan muka fara samun saɓani. Ɗaya daga cikinmu yana zaune a Katy, yamma da birnin, ya ce mu taru a unguwarsu mu huta da cunkoson gari. Magana ce mai daɗin ji, amma tashi daga Katy zai yanke mana fiye da mil 50 a zuwa da dawowa, mu tsaya a ɗari tara da wani abu. Ya ce ai mitar babur ɗinsa za ta nuna dubu. Wataƙila ta nuna, don mitar babura da yawa tana ƙara wa tafiya tsawo. Masu tantancewa kuwa ba da mita suke aiki ba, taswira suke buɗewa su auna tsakanin adireshin wannan rasit da na gaba. Don haka na mayar da wurin tashi wani gidan mai a gabashin birni, aka samu rarar mil talatin da ɗoriya. Kwana biyu kafin tafiyar na je na sha mai a wurin da tsakar dare, don in ga da idona cewa famfonsu yana fitar da rasit, agogonsa daidai yake, kuma adireshi yana fitowa a jiki.

Abu mafi wuya da na fahimtar da mutanenmu shi ne kowa ya biya kuɗin mansa da kansa. Babbanmu a tafiyar dattijo ne ɗan asalin Zangon Kumasi, mutumin da ba a taɓa zama cin abinci da shi wani ya riga shi sa hannu a aljihu ba. A taronmu na ƙarshe ya ce shi zai ɗauki man kowa a tsayawar farko, albarkacin tafiya.

Na ce, "Alhaji, a yi mana haƙuri a wannan karon. Kowa katinsa, kowa famfonsa."

Ya ce, "Haba Malam, yanzu man babur shida ne zai gagare ni?"

Na ce ba maganar gagara ba ce. In ya cika tanki shida a famfo ɗaya, rasit ɗaya zai fito, mutum biyar sun tashi ba hujja. Ƙungiyar ba ta san ayari ba, kowane mahayi da nasa fayil. Ya yi shiru, can ya ce to abincin rana nasa ne, kada wanda ya yi masa musu. Haka aka yi.

Na raba wa kowa 'yar jakar leda mai zif da biro biyu da takardar jadawali. Ƙa'idar ita ce a kowane gidan mai, kafin ka sha ruwa ko ka nufi bayi, ka karɓi rasit, ka duba abubuwa ukun nan a jikinsa, ka rubuta lambar mitarka a kai, ka ɗora shi kusa da mitar ka ɗauki hoto, sannan ka sa a jaka. Hoton ba ado ba ne. Takardar rasit irin mai santsin nan ce da zafi ke bugawa, in ta kwana a aljihu mai gumi ko ta sha rana a kan tanki sai rubutun ya dushe ko ta yi baƙi ƙirin. Na kuma ce kowa ya sanar da bankinsa tun da wuri, don katin da aka ga yana sayen mai a garuruwa bakwai a yini ɗaya na'urar banki tana iya ɗaukarsa na sata ta rufe shi.

Mun tashi ƙarfe huɗu na dare, a watan Oktoba, bayan zafin Texas ya sauka. Asuba ta same mu a Luling, muka yi sallah a gefen gidan mai. Ba mu yi jerin gwano mu shida ba, bibbiyu na raba mu, kowa da abokin da zai riƙa kallon bayansa. Dalili shi ne tsayawar da mutum ɗaya zai yi cikin minti goma, mutum shida sai sun ci minti ashirin da biyar: wannan yana neman safar hannunsa, wancan ya shiga layin kofi. Mai ƙaramin tanki a cikinmu ba ya wuce mil 150 ba tare da ya sha mai ba, a kansa na tsara wuraren tsayawa. Na fi ja musu kunne a kan Ozona. Daga nan zuwa Fort Stockton fiye da mil 100 ne na fili fetal, gidajen mai jefi-jefi, ga iska tana bugun ƙirji tana ƙara shan mai. A wannan yankin doka ta yarda da gudun mil 80 a awa, kuma ya ishe mu. Ƙungiyar da kanta ta sha faɗa cewa wannan ba tsere ba ne, kuma lokutan da ke kan rasit suna tona asirin mai gudun wuce sa'a.

A Fort Stockton na tsaya a bakin famfo ina karɓar rasit ɗin kowa ina dubawa ɗaya bayan ɗaya, don shi ne kaɗai shaidar cewa mun kai inda muka ce mun juyo. Na mutum ɗaya ya fito babu sunan gari. Na rako shi ciki wurin mai karɓar kuɗi, ta buga masa wani daga na'urarta mai cikakken adireshi. Muka haɗa Azahar da La'asar ƙasaru, muka ci abincin Alhaji, muka juyo.

Dawowar ce jarrabawa. Tsakanin Junction da Kerrville zuwa Boerne ƙasar tuddai ce cike da barewa, kuma da faɗuwar rana suke fitowa bakin titi. Mun rage gudu sosai a wurin. Bayan mun wuce San Antonio abokin tafiyata ya fara nuna alamun da nake tsoro: gudunsa yana hawa yana sauka ba dalili, siginarsa ta dama tana ta ƙiftawa mil bayan mil bai kashe ba. Na sha gabansa na ja shi muka sauka a Seguin. Da ya cire hular kwano idanunsa sun yi ja, yana cewa lafiyarsa ƙalau, saura kaɗan. Tun a gida mun yi yarjejeniya cewa in abokinka ya ce ka tsaya, ba gardama, kuma na riƙe shi a kan wannan alkawari. Na nuna masa agogo: tara da 'yan mintuna, saura mil 160 da wani abu, wa'adinmu kuma sai huɗu na dare. Ya kwanta a kan benci da jakarsa a matsayin matashi, ya yi barcin awa ɗaya da rabi ina zaune kusa da baburan. Na rubuta tsayawar a jadawalinsa da nawa, don doguwar tsayawa irin wannan dole a bayyana ta. Sauran huɗun sun riga mu isa kafin sha biyu. Mu mun karɓi rasit ɗin ƙarshe wajen ƙarfe biyu, shaidarmu yana jira a cikin motarsa da fom a hannu.

Washegari da yamma muka hallara a falona, kowa ya zazzage jakarsa a kan tebur. Muka jera rasit bi da bi, muka sa musu lamba, muka gwada kowanne da jadawali da taswira. A fayil ɗin mutum biyu agogon wani famfo a Sonora ya yi gaba da minti goma sha biyu; ban bari a gyara da biro ba, sai muka rubuta bayani a takarda daban muka haɗa da hotunan da ke nuna lokacin wayarsu. Kowa ya ajiye kwafin nasa, ya biya kuɗin tantancewa, aka tura fayil shida daban-daban. Masu dubawar 'yan sa-kai ne, amsa tana ɗaukar makonni har watanni, don haka na gaya wa Alhaji kada ya fara kirana a kan maganar kafin sabuwar shekara.