Kuɗin fito ya tafi ke nan, VAT kuwa ajiya ce

Shekarata ta farko ina riƙe wa kawuna littafin lissafi, duk kuɗin da ejan ya ce a biya a tashar Apapa suna ɗaya nake ba shi: kuɗin kwastan. Kawu yana shigo da tayil daga China, shagonsa na kusa da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna, in rani ya yi kuma yana sayen citta a Kachia ya fitar da ita waje. Kwantenar farko da na yi wa lissafi, na tattara komai na zuba cikin uwar kuɗi, na ɗora riba, sannan na ƙara VAT a kai, wato harajin da ake ɗora wa mai saye a kan farashin kaya. Sati uku tayil ɗinmu na jibge, maƙwabta na ta ciniki.

Ranar wata Asabar bayan la'asar Kawu ya ce in kawo takardar kwastan. Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa layi-layi, ya tsaya a kan VAT. Ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ai ba kuɗinmu ba ne da ya salwanta. Ajiya muka bayar." Na ce, "Kawu, ai daga aljihunmu ya fita." Ya ce daga aljihunmu ya fita, kuma ta hannun mai saye zai dawo.

Kuɗin fito ana yanka shi ne bisa darajar kaya haɗe da inshora da kuɗin jirgi. Jadawalin kuɗin fito na ECOWAS da Najeriya ta fara bi a 2015 yana da matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma lambar da kwastan ke ba irin kayanka ita ke nuna matakin da ka faɗa. Kuɗin fito in ka biya ya tafi, sai dai ka fanshe a farashi. VAT kuwa, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020, kwastan ne ke karɓarsa a tasha, amma ba a kan darajar kaya kaɗai ba, har kuɗin fiton ma sai an ɗora masa. A ce kaya na naira miliyan 10 ne, fito kashi 20: miliyan 2 ke nan, ga ƙarin cajin kashi 7 na wannan miliyan biyun da ake ɗorawa a lokacin, sai VAT ya hau kan jimlar ya haura dubu 900. Irin wannan dubu ɗari taran ce na cusa cikin uwar kuɗi. Alhali in ka sayar, VAT ɗin da ka karɓa a hannun masu saye za ka cire wanda ka biya a tasha daga ciki, ragowar ka miƙa wa hukumar haraji kafin 21 ga wata mai zuwa. Sau biyu na caji jama'a ban sani ba, shi ya sa suka guje mu.

Da lokacin citta ya zo, sai na tarar da lissafin ya juye. Maimakon Form M, takardar shigo da kaya, takardar fitar da kaya mai suna NXP ake buɗewa a banki. VAT a kan kayan da aka fitar waje kashi 0 ne, don haka ba ka ƙara wa Ba'indiyen da ya saya ko kwabo. Da farko na ɗauka sifili na nufin babu ruwanka da hukuma, har na fara watsi da rasit. Ashe wannan sifilin ne ke ba ka damar neman a mayar maka da VAT ɗin da ka biya kan buhunan da ka zuba cittar. Neman yana cin lokaci, sai mai haƙuri, amma wanda ya jefar da rasit ba shi da bakin magana tun farko. Fiton cittar kuma can ƙasar da ta sauka ake biyansa.

Tun da aka buɗe tashar kan tudu ta Kakuri a Janairun 2018 wasu ke cewa kaya zai fi sauƙin haraji a nan. Tafiya ce kawai ta ragu, jadawalin kwastan ɗaya ne da na Legas.

Yanzu littafina shafi biyu ne ga kowace kwantena, fito a hagu, VAT a dama. Rasit kuma ina tara su a wata tsohuwar gwangwanin madara da Kawu ya ajiye min ƙarƙashin teburi.