Yadda ake ɗinka fim ɗin soyayya da raha na talabijin

Mai kallo yana ganin abin kamar wasa, amma a ƙidaye yake. A Amurka ana ware wa irin wannan fim awa 2 a tasha, talla ta cinye kusan minti 30, labari ya tsira da wajen minti 85 zuwa 90. Shi ya sa ake yawan yanka rubutun gida 9, kowane yanki ya ƙare da abin da zai hana mutum canza tasha: tsohon saurayi ya ɓullo, ko a ji cewa wanda jarumar fim ɗin ta yi wa tsiwa a lif shi ne sabon shugabanta.

Ɗaukar hoto takan ɗauki kwana 15 ko makamancin haka, sau da yawa a Kanada, ko da labarin na wani birnin Amurka ne. Sai a sayi hotunan dogayen benaye a jera tsakanin fitowa da fitowa, sauran kuma ofis, gidan kofi da falo.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne saɓanin kusa da ƙarshe. Idan magana ɗaya ta isa ta warware shi, mai kallo zai ji an raina masa hankali. Dole ya taso daga abin da jarumar take so tun farko, ƙarin girma a wurin aiki ko ceto shagonta. Birnin ma ya kamata ya yi aiki: cunkoso ya makarar da jarumin, tsadar haya ta haɗa shi maƙwabtaka da jarumar.