Takardar da na sa mutum goma sha ɗaya suka dangwala wa hannu

Shekara tara na yi ina shiga ramin haƙar yuraniyom na Akuta, kusa da Arlit a arewacin Nijar, amma ban taɓa zama ma'aikacin COMINAK, kamfanin da ke da ramin, ba. Wani ɗan kwangila ne ya ɗauke ni, cikin masu kawo makanikai da leburori. Ƙura ɗaya muke shaƙa da ma'aikatan kamfanin, hular kwano iri ɗaya, fitila a goshi, wajen mita 250 a ƙarƙashin ƙasa. Sunan da ke saman takardar albashi ne kawai ya bambanta, ni kuwa ban ɗauke shi a bakin komai ba.

A watan Oktoban 2019 aka sanar cewa za a daina haƙa ranar 31 ga Maris 2021. Mu da ke ƙasa mun riga mun ga alama. Ramin da ake ci tun 1978 ya gaji, dutsen da ake fitarwa ya yi rauni, farashin yuraniyom kuma tun bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011 har zuwa lokacin bai sake miƙewa ba. Masu hannun jari ne suka yanke hukunci: Orano na Faransa mai kashi 34 cikin ɗari, SOPAMIN ta gwamnatin Nijar mai 31, OURD na Japan mai 25, sai ENUSA na Sipaniya mai 10. Sai a lokacin na san waɗannan alƙaluma, na kuma gane babu ko ɗaya cikinsu da ya san da ni a rubuce. Hakkina yana wuyan maigidan da ya ɗauke ni.

Ana saura 'yan watanni a rufe, maigidan ya kira ni ofishinsa a Akokan, garin da ke kusa da ramin. Ya sa aka kawo shayi, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, "Shef," wato shugaba, "kai ma'aikata suke jin maganarka. Akwai aikin gyaran wuri bayan an rufe, na shekaru, ina so in shiga da mutanena. Amma sai an kashe tsohuwar yarjejeniya kafin a buɗe sabuwa." Ya turo mini takardu, kowacce shafi biyu, da Faransanci. Aikin gyaran gaskiya ne, kowa ya san za a rufe tsibin tarkacen dutse, a toshe hanyoyin rami. Shi ya sa na yarda. Na duba shafin farko, na ga sunaye da ranaku daidai, na naɗe na sa a aljihu.

Cikin mutanena uku ne kawai ke karanta Faransanci. Akwai wani dattijo mutumin Madawa, wanda ya riga ni shiga ramin da shekaru masu yawa. Ya riƙe takardar a hannu ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, ka karanta?" Na ce, "Na karanta, Baba." Ya shafa yatsa a tawada ya dangwala. Da suka ga ya yi, sauran suka bi.

A shafi na biyu, layi na ƙarshe kafin wurin sa hannu, an rubuta cewa ma'aikaci ya ajiye aiki da kansa, kuma ba ya bin komai. Wanda ya ajiye da kansa ba shi da kuɗin sallama. Sabuwar yarjejeniya ba ta zo ba, maigidan ya koma Yamai, wayarsa ta daina shiga. Da muka kai kuka wurin sufeton aiki, mutumin bai yi mini faɗa ba. Ya juya shafin kawai, ya ɗora biro a kan layin, ya dube ni. Har yau ina ganin biron nan.

Ban yafe wa maigidan ba, kuma ba zan ɓoye ba. Amma shi cinikinsa ya yi, ni ne na ce na karanta. Wata huɗu muka yi muna zarya da taimakon 'yan ƙungiyar ƙwadago kafin a karɓo wani abu, bai kai rabin abin da ya kamata ba. Ban ɗauki kasona ba sai da kowa ya karɓa.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Ajiye kwafin duk abin da ka sa wa hannu. Shiga ƙungiya tun ba ka da matsala. Kada ka gina gida a garin da rami ɗaya ke ciyarwa sai ka tanadi wani wuri.

Da gwamnati ta karɓe SOMAIR, ɗaya kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, a watan Yunin 2025, samari da ke aiki can suka riƙa kirana cikin murna, wai yanzu kamfani namu ne. Na taya su murna, sannan na tambayi kowanne sunan wa ke saman takardar albashinsa. Biyu daga cikinsu sai da suka je suka duba.

Baba ya koma Madawa noman albasa. Ranar da na raka shi tasha na sake ba shi haƙuri, ya ce in bari, rabonsa ke nan. Ya karɓi jakarsa daga hannuna ya hau mota.