Gyambon da ba ya zafi

Masu tambaya ina na shige kwana biyu, jinya nake wallahi. Ƙafar Baba ce. Ya daɗe da ciwon suga, kuma da sanyin nan da ya wuce in ya dawo daga sallar asuba sai ya miƙe ƙafa kusa da kaskon garwashi, ashe wuta ta ɗan lashe shi a gefen babban yatsa bai ma sani ba, sai da Hajiya ta ga safarsa ta manne tana wani wari sannan aka duba. Da muka ce a tafi asibiti cewa ya yi "ke rabu da ni, abin da ko zafi ba ya min."

To rashin zafin nan shi ne abin tsoron. Suga in ya daɗe yana hawa kashe jijiyoyin ƙafa yake a hankali, mutum ya taka ƙusa ya wuce abinsa, ga hanyoyin jini sun tsuke jinin ba ya sauka sosai balle ciwo ya kame da wuri, ga ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama. Shi ya sa ɗan ƙuna kamar ƙwayar wake yake zama gyambo har a kai ga maganar yanke ƙafa.

A asibiti an yi hoton ƙafar a ga ko ya taɓa ƙashi, alhamdulillah bai kai ba. Aka ɗebi ruwan ciwon aka kai gwaji don a san maganin da zai ci shi, aka kankare mataccen naman, likita ya ɗauke shi daga ƙwayar maganin suga ta metformin ya mayar da shi kan allurar insulin, don shi kansa gyambon yana ƙara tayar da suga. Amma ni wadda ta fi min amfani wata sista ce da ke masa dresin, Allah ya saka mata. Ita ta nuna min komai: a wanke hannu da sabulu, a sa safar hannu, a wanke ciwon da ruwan saline irin na ƙarin ruwa, a bushe gefensa, a rufe da sabon gauze wato farin ƙyallen nan na rufe ciwo, ba sifirit ba ruwan zafi ba jiƙa ƙafa a roba. Ta ɗauki biro ta zagaye inda kumburin ya tsaya ta ce min "in ya tsallake layin nan, ko zazzaɓi ya zo, ko yatsan ya fara baƙi, ko ƙarfe biyun dare ne ku kawo Baba."

Dresin ɗin ma mai sauƙi ne a kan 'yan dubiya. Kowa ya zo da nasa, wannan a barbaɗa garin bagaruwa, wancan a fasa kafso a zuba, wata gwaggonmu har da ƙullin magani a gefen zani wai sammu ne aka taka. Ba ka isa ka ce wa babba a'a kai tsaye ba, sai dai in karɓa da hannu biyu in yi godiya in kai ɗaki in ajiye. Ni dai ban yarda a buɗe bandejin nan don wani ya leƙa ba.

Sai rigimar masallaci. An ce kada ya riƙa taka ƙafar don nauyin jiki shi ke hana ciwon haɗewa, shi kuma ya ce tun yana saurayi bai taɓa rasa jam'i haka kawai ba. Sai da limamin unguwa ya zo ya zauna da shi ya ce Alhaji lalura ce, ku yi shafa a kan bandejin ku yi sallarku a zaune, sannan ya haƙura, da ƙyar.

Abinci kuma kullum sai an yi ciniki. Kokon safe ba suga, tuwo an rage malmala an ƙara miyar ganye da wake da kwaɗon zogale, lemon kwalba kam an sallame shi. Ina gwada sugarsa da safe kafin ya ci komai in rubuta a littafi, kuma akwai sukari mai ƙwaya a kusa da gadonsa, saboda mai allurar insulin in bai ci abinci ba sugar na iya faɗuwa ya kama rawar jiki da zufa, wannan ma hatsari ne babba. Insulin ɗin ba ta son zafi, ga wutar NEPA yadda kuka sani, in firij ya huce sai in ɗaure ta a leda in sa a jikin randa.

Yanzu naman ya fara tasowa ja-ja daga ƙasa, warin ya tafi. Kullum da daddare ina duba ɗaya ƙafar ma, tsakanin yatsu da dunduniya inda faso yake, in shafa mai amma ban da tsakanin yatsun. Mai yankan farce da reza an ce ya huta, silifa ma an daina, takalmi rufaffe mai laushi muke nema masa, kuma sai an zazzage an laluba ciki da hannu kafin ya sa. Ranar Talata za mu koma a sake duba shi.